Hunturu Ya Kama: Wa Zai Gaya wa Mutanen Karkara Halin da Hanya Take Ciki?

Duk shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa cikin Fabrairu, iskar hunturu takan kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo. A ranakun da hazon ya yi kauri, Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da sanarwa ta faɗi iya nisan da ido zai hanga, kuma idan nisan ya gaza abin da ƙa'ida ta tanada sai a dakatar da sauka da tashin jirage a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, fasinjoji su zauna su jira komai gaggawarsu. Ba wanda yake ganin laifin wannan tsari, domin rai ake karewa. Abin da ya dame ni shi ne a wannan safiyar da aka hana jirgi tashi, akwai motar kanta da ta yi lodin buhunan masara, ta ɗora mutane a kan buhunan, ta kama hanyar kasuwa tun kafin a kira assalatu, kuma babu mahaluƙin da ya gaya wa direbanta komai game da abin da ke gabansa.

Na daɗe ina ganin cewa a cikin duk abubuwan da mutanen karkara suka rasa a wannan lokaci na shekara, wanda ya fi sauƙin samarwa kuma aka fi yin sakaci da shi, shi ne labari. Ina nufin labarin da ya iso kafin mutum ya sa ƙafa a mota, wanda aka faɗa da Hausar da tsohuwa za ta gane, wanda kuma aka san daga bakin da ya fito, ta yadda idan ya zama ƙarya akwai wanda za a tuhuma. Gyaran hanya yana cin biliyoyi da shekaru, kawar da ɓarayin daji kuwa gwamnatoci da dama sun yi alkawarinsa sun sauka ba su cika ba. Amma gaya wa mutumin ƙauye cewa yau hazo ya rufe, ko kwalbatin gaba ya karye, ko an tare hanya tun daren jiya, abu ne da ƙaramar hukuma za ta iya farawa a cikin wannan makon in ta ga dama.

Hunturu a wurinmu lokacin tafiya ne. An gama girbi, aljihun manomi ya ɗan yi nauyi, saboda haka sai bukukuwan auren da aka ɗaga tun damina su taso gaba ɗaya, matasa su ɗaure kaya su tafi ci-rani Legas da Fatakwal da Abuja, masu noman rani su fara lodin tumatir da tattasai da albasa zuwa kudu. Kasuwannin mako ma a wannan lokacin suke cika maƙil, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Mai'aduwa ranar Lahadi, kowace da ƙauyukan da take janyowa daga nesa. Mai son ya sami ciniki dole ya yi sammako, mai son ya ƙarar da kayansa dole ya kai magariba, ke nan tafiya da dawowa duka suna faɗawa a daidai sa'o'in da ido ya fi gazawa.

Duk wanda ya taɓa zama a gaban mota a irin wannan asubar ya san abin da nake faɗi. Hasken fitila yakan bugi hazo ya dawo wa direba a ido, gilashi ya yi butu-butu da ƙura, ba abin wanke shi sai tsumman da yaron mota yake gogawa in an tsaya. A gefen kwalta mata da yara sun yi shanyar rogo ko barkono da rana, sun jera duwatsu don kada taya ta taka, da yamma sun kwashe shanyar sun bar duwatsun. Can gaba tirela ta lalace a tsakiyar hanya tun shekaranjiya, alamar da aka sa mata ita ce 'yan rassan darbejiya waɗanda ganyensu ya riga ya bushe ya koma launin ƙasa, direbanta da yaransa suna kwance a ƙarƙashinta sun lulluɓa saboda ɗari. Ga amalanken shanu mai ɗauke da kara, ba shi da ko ƙyallin gwangwani a bayansa. Ga ɗan acaɓa da ya naɗe fuska da rawani ya bar ido kawai, idon ma yana zubar da ruwa saboda iska, ya ɗauko mutum uku a babur marar fitilar baya. Ga mota mai ido ɗaya wadda za ka ɗauka babur ne sai kun zo gab da juna. A kan wannan duka sai a ƙara hayaƙin masu ƙona daji don farautar gafiya, wanda yakan kwanta a kan hanya ya haɗu da hazon.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya mutum sama da 5,000 da suka mutu a kan hanyoyin Najeriya a 2023, haka kuma a 2024. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ninka wannan adadi sau da dama, kuma ni ban yi mamakin tazarar ba. Idan akori-kura ta kife a hanyar burji tsakanin ƙauye da ƙauye, 'yan'uwa ne suke zuwa su kwashi gawarwaki, a yi musu sutura a kai su makwanci kafin la'asar kamar yadda addini ya koyar, waɗanda suka karye a wuce da su wurin mai ɗori. Ba jami'in da ya zo, ba takardar da aka cike, saboda haka a wurin masu tsara kasafi a Abuja wannan hanyar lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa cin kowa ba.

Jama'a ma suna da nasu kason na laifi. Da an yi hatsari sai a ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a a watse. Imani da ƙaddara wajibi ne, ba na jayayya da shi, amma ban taɓa jin malamin da ya ce ƙaddara ta halatta wa direba ya yi aron hannu a kan kwana alhali ba ya ganin abin da ya wuce tsawon igiyar guga ba. Ita kuwa hukumar kiyaye haɗurra takan yi gangamin wayar da kai a ƙarshen shekara, sai dai an gina gangamin a kan tafiye-tafiyen Kirsimeti da sabuwar shekara, a manyan tashoshin birane, kuma yakan lafa a tsakiyar Janairu, daidai lokacin da hazo yake kan ganiyarsa a Arewa. Tana da lambar kiran gaggawa 122, akwai kuma 112 ta ƙasa baki ɗaya, amma a shiga tashar ƙauye a tambayi direbobi a ga nawa ne suka san su, sannan a duba ko akwai sabis a wuraren da motoci suka fi kifewa.

A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, matafiyi yana da abin tsoro na biyu. Idan rani ya shigo koguna sun ƙafe, an sare karan dawa, babura suna ratsa daji ta inda suka ga dama, kuma ɓarayin daji sun san ranar kowace kasuwa, sun san wanda ya sayar da bijimi. A watan Disamba 2021 an tare motar fasinja a yankin Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane a ciki, kuma tare hanya a kwashe matafiya ya zama abin da ba a ƙara ɗaukarsa sabon labari. Ana wannan ta'asa da damina ma, ban ɗora ta a kan hunturu ba. Abin da nake nunawa shi ne direban da ke tsoron a tare shi ba zai rage gudu don hazo ba, ba zai tsaya don ya ga mutum kwance a gefen titi ba, ba zai yarda ya kwana a ƙauyen da duhu ya riske shi ba. Tsoron ɗan bindiga kansa yana haddasa haɗurran da ba a lissafa su a cikin ɓarnar 'yan bindiga.

Direbobi ba su zauna jiran gwamnati ba. A bakin garuruwan da ke gab da daji za ka ga motoci sun jeru da sassafe, ba wanda ya yarda ya zama na farko, kowa ya zuba wa hanya ido. In aka ga mota ta ɓullo daga can sai a tare ta a ce, "Maigida, ya hanya?" In ya ce lafiya lau sai kowa ya tada mota a tafi a jere. In kuwa aka ɗauki lokaci ba abin da ya fito daga wancan ɓangaren, ba sai an gaya wa kowa ba, an san mutanen sun fito. A kan tafiya kuma akwai kashe fitila da kunnawa, akwai juya hannu ta taga, akwai kiran waya tsakanin 'yan tasha ɗaya. Wannan tsari ya ceci rayuka masu yawa, kuma dalilin ingancinsa a fili yake: mai ba da labarin yanzu ya fito daga wurin, ana kallon fuskarsa, gobe ma za a haɗu da shi a tasha. Gazawarsa ita ce bai wuce 'yan sana'a ba. Baƙon direba, da mai babur da ya ɗauko matarsa mai naƙuda zuwa asibiti, da 'yan rakiyar amarya da suka yi shatar mota daga wani gari, duk ba sa cikin wannan zance, kuma wani lokaci motar farko da ta shiga ita ce ke zama labarin.

Sauran jama'a sun koma ga waya. Ƙauyuka da yawa yanzu suna da zaurensu a WhatsApp, wanda 'yan garin mazauna birni suka buɗe, kuma a nan ake jin rasuwa da haihuwa da ɗaurin aure da farashin masara da cigiyar akuya. Ban raina amfaninsa ba. Amma a saurari irin saƙon muryar da ke yawo idan an ce ba lafiya. Wani namiji ne yana haki, ya yi sallama, ya ce jama'a a yi hattara, yanzu-yanzu an ga babura sun fi hamsin sun nufo gabas, don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin da yake ba, bai faɗi ranar ba, gabas ɗin ma ba a san gabas da ina ba. Irin wannan saƙo zai zaga Batsari, ya leƙa Birnin Gwari, ya kai Shinkafi, bayan watanni ya sake dawowa a matsayin sabo, kuma a kowane wuri akwai matan da za su goya yara su kwana a gona cikin wannan sanyi saboda shi.

Idan mutane suka gudu sau da yawa ba su ga komai ba, ranar da abin yake gaskiya sai su gyara kwanciya. Wannan ɓarna ce, amma akwai wadda ta fi ta muni, domin labarin da ba shi da mai shi yana kashe wanda bai ji ba bai gani ba. A watan Maris 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta da ke kan hanyar komawa Kano daga Fatakwal, a garin Uromi na jihar Edo, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu an yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Duk Arewa ta yi Allah wadai, kuma ya dace. Amma mu tambayi kanmu sau nawa aka yi makamancin haka a kasuwanninmu, inda Bafulatani ya kawo saniya ko ya zo sayen gishiri, wani ya nuna shi da baki ya ce infoma ne, kafin a kira dagaci an gama da shi, sannan a zo ramuwa a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Alƙur'ani ya yi umarni a cikin Suratul Hujurati da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Kowane ɗalibin islamiyya ya san ayar, amma a kan waya yatsa ya fi karatu sauri.

Tun kafin zuwan waya ƙasar Hausa tana da hanyar isar da sanarwa, kuma ya kamata a duba abin da ya sa ta yi aiki. Sanƙira yakan zaga gari da yamma ko ya tsaya a tsakiyar kasuwa, ya fara da cewa sarki ya gaishe ku, sannan ya faɗi saƙo: gobe akwai gayyar gyaran hanya, an ga kura a fadama kada yara su fita kiwo su kaɗai, an tsinci jaki mai shi ya zo da shaida. Kowa ya san muryarsa, kowa ya san wanda ya aiko shi, kuma shi kansa ya san abin da zai same shi in ya ƙara gishiri. Labari yakan hau daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, umarni ya sauko ta wannan tsani. Na san sarautar yau ba ta da wancan ƙarfi, na kuma san an zargi wasu masu rawani da hannu a cikin ta'asar daji, har gwamnatin Zamfara ta tuɓe wasu sarakuna a 2022 bisa wannan zargi. Abin da nake so a ɗauko daga wancan tsari sharaɗinsa ne guda, wato sanarwa ba ta fita sai da sunan wanda zai amsa tambaya a kanta.

Abin da ya faru a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba 2024 ya nuna yadda gari yake idan ba shi da irin wannan murya. Tankar mai ta faɗi, labarin cewa fetur yana kwarara a lambatu ya zaga gari, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi ta ci rayuka sama da 150. 'Yan sanda sun ce sun yi ƙoƙarin korar jama'a abin ya fi ƙarfinsu, kuma ban yi mamaki ba, domin wanda ya riga ya iso da jarka a hannu ba ya jin kira. Talauci da tsadar mai suna cikin dalilan, ba mai musu. Duk da haka ina da yaƙinin cewa da a garuruwan bakin titi akwai al'adar liman ko mai gari ya hau lasifika nan take ya ce kowa ya tsare 'ya'yansa a gida, da wasu iyayen sun rufe ƙofa.

Lokacin da gwamnati ta tashi taɓa harkar labari a karkara da gaske, toshe shi ta yi. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, daga baya aka bi da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wasu a Kaduna, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Hujjar ita ce 'yan bindiga da infomominsu da waya suke aiki, kuma gaskiya ne. Sai dai ɓarawon da ke da babur da kuɗin fansa a aljihu bai rasa inda zai je ya kamo sabis ba, na bakin iyaka ma layin Nijar ya ishe su, alhali talakan da aka shigo wa gari da tsakar dare ba shi da yadda zai kira kowa. Mutanen Gusau sai da suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su buga waya kawai, a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce. Kafin shekarar ta ƙare aka fara mayar da layukan, ɓarayin kuwa suna nan inda suke.

Kuma kamar yadda labari yake saukowa, dole ne ya sami hanyar hawa. Ƙorafin da ake ji daga bakin mutanen ƙauyukan da aka kai wa hari kusan iri ɗaya ne: mun ga taruwarsu tun la'asar, mun kira, an ce ana zuwa, ba a zo ba sai da gari ya waye. Mutumin da ya sayar da ransa ya ba da rahoto bai ga kowa ba, da wuya ya sake. Jihohi sun kafa rundunonin tsaron al'umma, Katsina a Oktoba 2023, Zamfara da Askarawanta a Janairu 2024, an raba motoci da babura, amma ban ga an ba da rabin wannan muhimmanci ga teburin da zai karɓi kira ba, wanda zai rubuta lokacin da aka kira da wanda ya ɗauka da abin da aka yi, ta yadda gobe za a iya tambayar wani dalilin da ya hana shi motsawa.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da mu shi ne rediyo. Tsakanin Bahaushe da rediyo akwai tsohuwar amana, BBC kaɗai tun 1957 take magana da Hausa, kuma sauraronsa ba ya buƙatar karatu ko data, ƙaramar waya mai tocila ma tana kama shi. Matsalar ita ce mutumin ƙauye yana jin abin da ya faru a Gaza da Yukren kafin ya karya kumallo, amma ba tashar da za ta gaya masa cewa gadar da ke tsakaninsa da kasuwa ta rufta. A Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta kai Najeriya arziki ba, an fara kafa gidajen rediyon al'umma tun ƙarshen shekarun 1990, yau sun haura ɗari, kowane yana magana da harshen yankinsa a kan abin da ya shafi yankin. A Najeriya sai a 2015 aka amince da rukunin farko na lasisin irin waɗannan tashoshi, guda 17 a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Kafin a kai ga cike wannan giɓi, gidajen rediyon jiha da masu zaman kansu za su iya ware minti goma bayan sallar asuba da minti goma bayan la'asar daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a karanta hasashen NiMet da Hausar da direba zai yi aiki da ita, a bi hanyoyi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu a faɗi inda mota ta lalace, inda ake aiki, inda aka rufe. Waɗannan tashoshi suna da lokacin masu tallar maganin gargajiya da na sojojin baka, saboda haka mai biya kawai suka rasa. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, ba na jin kuɗin minti ashirin a rana zai gagari ƙananan hukumomin da suka haɗa hannu.

Wanda zai ciyar da rediyon da labari yana nan a tashar mota. Ƙungiyar direbobi tana da reshe a kusan kowane gari mai kasuwa, kuma shugaban tasha ya fi kowane jami'i sanin halin hanya da ƙarfe shida na safe. Ƙungiyar da ke iya hana mota lodi don ba ta biya kamasho ba, tana iya hana ta tashi don ba ta da fitilar baya, tana kuma iya cewa ranar da hazo ya yi kauri ba motar kasuwa da za ta fita sai rana ta ɗaga. 'Yan kasuwa za su ce an sa sun rasa cinikin safe, kuma kukansu yana da tushe, amma in dokar ta hau kan kowa cinikin ma jira zai yi. Lasifikar masallaci kuwa ita ce muryar da ke shiga kowane gida, har ɗakin matan da ba sa zuwa tasha ba sa zama majalisa, alhali su ne ke cika motocin biki da na asibiti.

Na san abin da za a ce, cewa duk abin da aka faɗa a rediyo ɓarawo ma yana ji, kuma wanda aka gane shi ne ya kai rahoto ba zai sake kwana a gidansa ba. Wannan magana ce mai nauyi, mutane sun mutu a kanta. Amsarta ita ce a raba abin da yake na jama'a da abin da yake na hukuma. Cewa kada a bi hanya kaza yau ba ta ƙara wa ɗan bindiga komai, don shi ne a kan hanyar, ya riga kowa sani. Inda sojoji suka nufa, da sunan wanda ya ga taruwar, waɗannan ba su da hurumi a lasifika ko a zauren WhatsApp, kuma mai sakin su ya cancanci hukunci ko da kyakkyawar niyya ya yi. Sunan da za a bayyana shi ne na ofishin da ya tantance ya fitar da sanarwar, tare da rana da sa'a da wurin da ake nufi, kuma wajibi ne wannan ofishin ya dawo ya ce hanya ta buɗe, ko ya ce saƙon da ya zaga jiya na bara ne, ko ya janye abin da ya faɗa in ya tabbata ba haka ba ne.

Siyasa ta fi infoma ba ni tsoro a wannan al'amari. Idan aka bar aikin a hannun shugaban ƙaramar hukuma shi kaɗai, ba za a jima ba minti ashirin ɗin zai koma kirari da jerin ayyukan mai girma, kuma ranar da aka tare hanya ana gobe gwamna zai zo, cewa za a yi lafiya lau. Mun ga masu mulkin da suka fi jin haushin wanda ya ba da labarin hari fiye da wanda ya kai harin. Saboda haka waɗanda za su tantance sanarwa su kasance mutanen da zaɓe ba ya kawo su ba ya kore su: wakilin hakimi, shugaban tasha, sarkin kasuwa, limamin Juma'a, malamar asibiti ko ungozoma, baturen 'yan sanda na yankin, da fasto a inda akwai Kirista. Kuma lallai a sa Arɗo a ciki, da cikakkiyar murya irin ta kowa. Makiyayi ne yake kwana a dajin da ake tsoro, shi ne farkon wanda ake kore wa shanu, shi ne kuma farkon wanda ake zargi, kuma idan kwamitin ya zauna babu shi, duk sanarwar da ta fito rugage za su ɗauke ta a matsayin shelar farautarsu, su daina kawo abin da suka gani.